KANGAYE DA KUFAN ƘASAR YAURI: A ƊAUKI HOTONSU TUN BA SU SHAFE BA

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi cikin shekarun nan, watau mutum ya rataya na'urar ɗaukar hoto ya riƙa shiga gidajen da aka ƙaurace wa, da masana'antun da suka mutu, da tashoshin da jirgi ya daina tsayawa, yana ɗaukar hotonsu. Wanda ya fara jin wannan labari cikinmu zai ce aikin marasa abin yi ne, gama mu abin da muka saba shi ne a ɗauki hoton ango da amarya, ko sarki bisa doki ran salla, ko sabon gini ranar da aka buɗe shi. Wa zai ɓata yininsa a kango, mazaunin jemage da ƙadangare? Amma in aka natsu aka duba, za a ga akwai amfani mai yawa cikin abin, akwai kuma aibi in ba a yi shi bisa hanya ba. Nufina a nan in nuna wa 'yan'uwana malaman makaranta, da ma'aikatan ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi a Yauri da Ngaski da Shanga, cewa wannan aiki ya fi kamata da mu bisa ga waɗancan mutane, kuma lokacin yinsa yana ƙurewa.

ABIN DA YA FARU A DETROIT

Birnin da ya fi shahara wajen wannan sha'ani shi ne Detroit, a ƙasar Amurka, inda dā ake ƙera mafi yawan motocin ƙasar. Cikin 1950 mutanensa sun kusa 1,850,000. Da masana'antu suka soma rufewa, waɗansu kuma suka ƙaura, sai jama'a suka bi su, har ƙidayar 2020 ta sami mutum kimanin 640,000 kaɗai. Cikin 2013 hukumar birnin kanta ta tsaya gaban alƙali ta ce ba ta iya biyan bashin da ake bin ta. Aka bar dubban gidaje da makarantu da ma'aikatu ba kowa ciki. Masu ɗaukar hoto suka yi ta zuwa daga nesa, har waɗansu Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, suka fitar da babban littafi na hotunan kangayen birnin cikin 2010.

Mutanen garin da yawa ba su ji daɗin abin ba. Suka ce baƙo ya zo ya ɗauki rufin da ya rufta da tagar da ta fashe, ya juya wa mutanen da ke zaune a gidan da ke kusa baya, ya koma ƙasarsu ya sayar da hoton, duniya ta ɗauka garin ya mutu ƙurmus, alhali ga dubban ɗaruruwan mutane suna ta fama da rayuwarsu a ciki. Wannan ƙorafi gaskiya ne, ya kamata mu riƙe shi. Amma hotunan nan kuma su ne suka hana a manta da waɗansu gine-gine. Babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, wadda aka buɗe cikin 1913 aka rufe cikin 1988, ta yi shekara 30 tana kango, hotonta yana yawo a duniya, har kamfanin Ford ya saye ta cikin 2018 ya gyara, aka sake buɗe ta cikin 2024. Da aka ji labarin gyaran, wani da ya ɗauke tsohon agogon tashar ya mayar da shi a ɓoye.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga irin wannan. Wanda ya bi ta Kakuri a Kaduna ya ga abin da ya saura na masaƙar da aka buɗe cikin 1957, zamanin Sardauna, wadda ta rufe cikin 2002, da sauran masaƙun da suka bi bayanta. Yauri kuwa ba garin masana'antu ba ce, amma tana da nata kangaye, waɗanda labarinsu ya fi na masaƙa tsawo, kuma babbar masana'antar da ta juya rayuwar mutanenta tana nan kudu da ita, watau madatsar ruwan Kainji.

KANGAYENMU IRI UKU NE

Na farko shi ne Birnin Yauri, tsohon mazaunin sarauta, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Ngaski yanzu, tafiyar mil 8 ko 9 daga Yelwa. A zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna za su Gwanja sayen goro, ƙasar Yauri tana cikin manyan wuraren da suke ƙetare Kwara, birnin kuwa ya ƙasaita da wannan ciniki. Ta ƙasar Yauri Mungo Park ya wuce cikin jirginsa kafin ya halaka a duwatsun Busa wajen farkon 1806. Cikin 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka sauka a birnin suna neman takardun da Park ya bari, suka kuwa ba da labarin faɗin ganuwarsa da yawan jama'arsa. Yaƙin basasa ya tashi sarauta daga nan zuwa gungun Ikum wajen 1850, sa'an nan Sarkin Yauri Abdullahi Abarshi ya mayar da ita Yelwa cikin 1888. Ganuwar da ta ba baƙi mamaki ginin ƙasa ce. Kowace damina ruwa yana cinta, manomi yana shigar da garmarsa, mai gini yana ɗibar ƙasarta yana yin tubali. Abin da aka gani bana ba lalle a same shi baɗi ba.

Na biyu su ne gine-ginen zamanin Turawa da na En'e. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Turawa mai ciniki a Kwara ya iso Yelwa, garin ya zama mashigin kaya ta ruwa da ta tudu. Wannan zamani ya bar kantuna da rumbunan ajiya, da gidajen saukar baƙi, da ɗakunan shan magani, da makarantun elemantare masu azuzuwa biyu ko uku, da ramukan da aka haƙi zinariya cikin shekarun 1930 aka watsar da su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan ba wanda ke ganinsu da daraja, gama ba su tsufa har su zama abin alfahari ba, ba su kuma da sabuntar da za a yi ta gyara su. Su ne aka fi saurin rushewa ranar da aka so faɗaɗa hanya ko gina shaguna, ba tare da kowa ya rubuta ko shekarar da aka gina su ba.

Na uku, wanda ya fi su duka nauyi, shi ne abin da ruwan Kainji ya bari.

RUWAN 1968

An kafa hukumar madatsun Kwara cikin 1962. Aka soma ginin madatsar Kainji cikin 1964, wani kamfanin Italiya mai suna Impregilo ya yi aikin, aka gama cikin 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta cikin Fabrairu 1969. Tsayinta ya fi ƙafa 200. An shirya ta don injuna 12 na ba da wutar lantarki, amma 8 aka kafa. Da aka toshe kogin cikin Agusta 1968 ruwa ya koma baya ya zama tafki mai tsawon mil 85 ko kusa da haka, daga Kainji har ya wuce Yelwa, faɗinsa a inda ya fi faɗi mil 15. Tsohuwar Busa ta nutse, duwatsun da suka ci Mungo Park suka shige ƙarƙashin ruwa. Tsibiran da Gungawa suka zauna tun kaka da kakanni suka nutse, har da mafi yawan gungun Foge, wanda ya fi su duka girma. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga ƙauyuka fiye da 200, aka tattara su cikin sababbin matsugunai fiye da 100 a gaɓa biyu. Akwai Gungawa cikinsu, da Kambari, da Lopawa, da Shangawa, da Sarkawa masunta, da Yaurawa, da Busawa. A wannan lokaci Muhammadu Tukur ne Sarkin Yauri.

Da fari kuɗi aka riƙa ba mutane don kowa ya gina wa kansa. Da aka ga aikin ba ya sauri, ga ruwa kuwa ba ya jiran kowa, sai Gwamnati ta ɗauki ginin a kanta. Wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, ya tsara Sabuwar Busa da ƙauyukan. Ya yi ƙoƙari ya kwaikwayi fasalin gidajen mutane na dā, zagaye da zagaye, shigifa da shigifa, amma da bulon siminti aka yi bango, aka rufa da wani farin kwano mai kauri mai lanƙwasa, na siminti gauraye da zaren dutse, wanda ake kira asbesto. Niyya mai kyau ce, an kuwa kashe dukiya. Sai dai ɗakin ƙasa da jinka, in ya tsage matar gida da 'ya'yanta sun iya yaɓe shi, in ya yi yoyo maigida ya yanko ciyawa ya baibaye. Ɗakin siminti da asbesto kuwa, in ya fashe sai da kuɗi, sai da magini daga gari. Mutane suka yi kukan zafinsa da bazara da sanyinsa da hunturu. Da yawa suka gina ɗakunan ƙasa a gefe suka koma ciki, suka bar na Gwamnati ga hatsi ko awaki. Waɗansu kuwa suka bar ƙauyen ɗungum suka bi bakin ruwa, inda ƙasa ke da danshin da za a dasa albasa, gama noman albasa da su shi ne abin da Bagunge ya gada.

Kada a ɗauka ina cewa madatsar ba ta yi amfani ba. Wutar da ta haska birane da masana'antun ƙasar nan shekara da shekaru daga nan ta fito. Kifi ya yawaita ƙwarai a shekarun farko kafin ya ja baya, kasuwar Yelwa ta ci moriyarsa. An sami hanyoyi da rijiyoyi da makarantu inda dā babu. Amma wanda ya ba da gidan ubansa da kabarin kakansa don ƙasa ta sami haske, mafi ƙarancin hakkinsa a kanmu shi ne a rubuta abin da ya bayar. Majalisar ƙasa ta yarda da cewa akwai bashi a nan, shi ya sa cikin 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, Jihar Kebbi tana ciki. Hukuma kuwa da takarda take aiki. Ƙauyen da ke da hoton rufinsa da ya rufta, da kwanan wata, da sunan mai ɗakin, ya fi wanda ya zo da baki kaɗai ƙarfin magana.

DALILIN GAGGAWA

Ku yi lissafi da kanku. Yaron da ke da shekara 15 ranar da aka kwashe kayan gidansu cikin jirgi a 1968 yanzu ya haura 70. Waɗanda suka yi tashin suna magidanta, suka san iyakar kowace gona da sunan kowane mashigi, kaɗan suka rage. Ran da na ƙarshensu ya kwanta dama, tudun da ruwa ke bari da rani zai zama tudu kawai, ba mai cewa nan ne masallaci, nan ne marina, nan ne gidan sarkin ruwa. Harsunan waɗansu daga cikin kabilun nan ma suna ja da baya a gaban Hausa, sunayen wurare kuwa cikin harshen suke.

Ba mu kaɗai irin wannan ya sama ba. Cikin shekarun nan guda tafkin Volta a Gana ya tashi mutum wajen 80,000, ya rufe tsohon garin Kete Karachi, zangon Hausawa fataken goro inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu cikin 1934. Madatsar Aswan ta Masar kuma ta cinye Wadi Halfa a Sudan, aka kwashe mutanenta cikin jirgin ƙasa tun daga 1964. Abin lura a nan shi ne, labarin tashin Wadi Halfa da aka fi dogara da shi yau wani ma'aikacin Gwamnati ne ya rubuta, Hassan Dafalla, jami'in da aka ɗora wa aikin kwashe mutanen, aka buga littafinsa cikin 1975. Mai riƙe da rajista da alƙalami shi ne ya tsare wa mutanen tarihinsu.

A wajenmu ma an yi wani ƙoƙari kafin ruwa ya zo. Masu binciken kayan tarihi sun bi kwarin cikin shekarun 1960 suna tona tuddai, har a wani tudu kusa da Yelwa suka sami tukwane da 'yan siffofi na yumɓu da suka haura shekara 1,000. Amma su abin da ke ƙarƙashin ƙasa suka nema, lokacinsu kuma kaɗan ne. Abin da ke bisa ƙasa da abin da ke cikin kawunan tsofaffi yana nan yana jiranmu.

YADDA ZA A YI AIKIN

Dā sai mai hali ke da na'urar hoto, sai kuma an aika Kaduna ko Zariya a wanke. Yau kusan kowane malami yana da ita cikin aljihunsa, a jikin wayarsa. Abin da ya rage shi ne tsari, ga kuwa shawarata.

Da fari a san lokaci. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai na daminarmu, mai laka, wanda ake kira farin ruwa, yana cika tafkin wajen Satumba da Oktoba. Akwai kuma wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya daɗe a fadamun Mali ya tace, ya iso mu cikin hunturu, shi ake kira baƙin ruwa. Bayan wannan sai tafkin ya yi ta sauka har tsakiyar damina, yakan ja da baya kamar ƙafa 30. Saboda haka mai son ganin kufan da ruwa ya ci, ƙarshen bazara da farkon damina ne lokacinsa. Ganuwa da kangayen tudu kuwa bayan an yi girbi an kwashe kara, ciyawa ta bushe, sa'an nan suke fitowa sosai. A guji ranar da hazo ya yi kauri. A guji tsakar rana, gama hasken da ke bisa kai yana shafe tsagar bango da tudun ƙasa. Hantsi da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ta miƙe, su ne ke fitar da ko ɗan tudun da ya rage na katanga.

Na biyu, kowane gini a ɗauke shi daga gabas da yamma da kudu da arewa, sa'an nan a ja da baya a ɗauke shi tare da abin da ke kewaye da shi, ko kuka ce, ko dutse, ko bakin ruwa, don wanda ya zo bayan shekara 20 ya gane wurin. Daga nan a matso a ɗauki ƙofa, da taga, da yadda aka ɗora rufi, da duk wani rubutu ko lamba ko shekara da aka zana a siminti. A yanki sanda mai tsawon ƙafa 3, a shafa mata fari da baƙi ƙafa ƙafa, a jingina ta a bango cikin kowane hoto, gama in ba ma'auni ba a sanin ko bangon ya kai kafaɗa ko gwiwa. A kufai a lura da abin da ido ba ya saurin kamawa: tsingaro, da dutsen niƙa, da daɓen ɗaki, da gindin rumbu, da ramin marina, da jerin kukoki inda babu gari yanzu.

Na uku, kuma shi ne uwar aikin, kada a bar hoto ba rubutu. A keɓe littafi guda, kowane hoto da lambarsa. A rubuta ranar da aka ɗauka, da sunan wurin na dā da na yanzu, da Hausa da kuma harshen mutanen wurin yadda suke faɗinsa, da gundumar da yake, da wanda ya gina, da abin da aka yi da shi, da shekarar da aka bar shi da dalili. A rubuta wanda ya ba da labarin da kimanin shekarunsa, in ya yarda. In tsofaffi biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowa, kada malami ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi. Wayoyi da yawa suna iya nuna daidai inda mutum yake tsaye a bisa taswira, a kwafe wannan ma cikin littafin.

Na huɗu, a koma. Hoto guda yana nuna yadda abu yake, amma hoto biyar da aka ɗauka daga tsayawa guda cikin shekara biyar suna nuna saurin da yake lalacewa, da inda zaizaya ke ci, da ko gaɓa tana matsowa wajen makaranta. Irin wannan shaida ce ke sa injiniya ya taso daga Birnin Kebbi.

Malamin tarihi da na labarin ƙasa ba za su sami darasi da ya fi wannan ba. Yaron da ya auna bangon ɗakin da aka ba kakansa cikin 1968, ya zana taswirar ƙauyen, ya zauna gaban tsohuwa ya rubuta abin da ta faɗa, ya koyi lissafi da zane da insha'i cikin yini guda, kuma ba zai ƙara ɗaukar tarihi a kan labarin waɗansu mutane na nesa ba.

LADABI DA HATTARA

Mu koma ga ƙorafin mutanen Detroit. Kango ba ya rasa mai shi. Ko rufi ya faɗi, akwai wanda aka haifa a ɗakin, akwai wanda uwarsa ta cika a ciki. Kada a shiga gari da na'ura a hannu kamar maharbi. A fara da gaisuwa wajen hakimi da dagaci da mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi wanda zai yi rakiya. Kada a ɗauki mace ko yaro ko cikin gida sai da izini. Makabarta da wuraren al'ada na Gungawa da Kambari da sauransu, in aka ce kada a ɗauka, to, a mayar da waya aljihu. Kuma in an ɗauki ɗakin da ya rushe, a juya a ɗauki ɗakin ƙasa da mai shi ya gina da hannunsa a gefe, da lambun albasarsa, da jirginsa. Wanda ya nuna rushewa kaɗai ya faɗi rabin gaskiya, ya kuma tona asirin mutanen da suka karɓe shi baƙunci. Wanda ke da shakka ta wajen addini ya tuna cewa bango da itace da tudu ba masu rai ba ne, duban kufan mutanen dā kuwa wa'azi ne da malamai suka daɗe suna yi mana.

Kada a ɗauke kome. Tukunya ko dutsen niƙa da aka raba da wurinsa ya rasa rabin labarinsa, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba. In an ga abin da ya yi kama da na dā ƙwarai, a ɗauki hotonsa inda yake, a sanar da hakimi.

Sa'an nan a kula da rai. Bangon da ya sha ruwa yana faɗuwa ba sallama. Kango gidan maciji ne da kunama da zuma, kufai kuma ba ya rasa tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe, balle wajen ramukan zinariya. Farin kwanon nan na asbesto, likitoci sun tabbatar ƙurarsa tana kawo mugun ciwon huhu wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa, saboda haka kada a fasa shi, kada a kankare shi, kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa. Wanda zai shiga jirgi ya sa rigar ruwa, ya ƙi jirgin da aka cika fiye da kima, kada ya yi tafiyar dare ko ta lokacin hadari, gama kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna nan ƙarƙashi. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara cikin Mayu 2021 da mutane masu yawa ba. Ba mu kuma manta da harin da aka kai kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ran 17 ga Yuni 2021 aka kwashi ɗalibai da malamai ba. Kada malami ya fita da yara ko'ina sai da yardar iyaye da ta shugaban makaranta, sai kuma hakimi ya ce hanya lafiya. Madatsa kanta da wuraren jami'an tsaro ba a ɗaukar hotonsu sai da takardar izini.

INDA ZA A AJIYE

Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta. Hoton da aka zuba a Facebook kuma yau ana yabonsa, jibi ya nutse ƙarƙashin dubu. Saboda haka a zaɓi waɗanda suka fi muhimmanci a wanke su a takarda, a rubuta lamba da kwanan wata a bayansu da fensir, a ajiye inda gara da danshi ba su kai. A yi kwafi uku: ɗaya a makaranta, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a aika fadar Mai Martaba Sarkin Yauri. In abin ya taru ya yi kauri, akwai Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihin Kanta a Argungu, waɗanda aikinsu ke nan. Kada kuma a manta a mayar wa mai ɗakin da nasa kwafi, gama shi ya fi kowa hakki a kai.

Akawunan ofisoshi suna da nasu rabo na musamman. A cikin tsofaffin kabad na gundumomi ana iya samun rajistar haraji ta zamanin En'e, da jerin sunayen waɗanda aka biya diyya, da taswirar rabon gidaje. Waɗannan ma kangaye ne irin nasu, gara tana cinsu kamar yadda ruwa ke cin ganuwa. A nemi izinin shugaba a ɗauki hoton kowane shafi. Ran da aka haɗa sunan da ke cikin rajista da ɗakin da ke cikin hoto da maganar tsohon da ya zauna ciki, an sami tarihin da ba mai iya musunsa.

Aikin nan ba ya bukatar a jira kuɗi daga Abuja, ba ya bukatar kwamiti. Littafi guda ne, da fensir, da sanda mai ƙafa 3, da wayar da ke aljihu, da yammacin Asabar. In kowace makaranta da ke tsakanin Shanga da Wara ta ɗauki ƙauye guda ko kango guda cikin wannan shekara, kafin ruwa ya sauka ya sake hawa sau biyu za mu tara abin da jikokinmu za su gode mana a kai. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Tsofaffin da suka ga tashin 1968 suna nan zaune a gindin bishiya, ba wanda ya tambaye su. A je a gaishe su tun suna iya nuna wuri da sanda.

Allah shi ji ƙan waɗanda kaburburansu ke ƙarƙashin ruwa, shi ba ƙasar Yauri lafiya da zama lafiya, amin.